Ranar da Igiya Ta Ƙi Hannun Kawu

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Bakina ya faɗi wannan sau ba adadi ranar Larabar da Kawu ya rasu, amma zuciyata ba ta yarda ba sai da na ga ana tura ƙasa.

Ba ni kaɗai ba ne. Mahaifiyata ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na same ta tana tankaɗe na ce mata Yaya ya cika, sai ta ɗago ta tambaye ni wane Yayan nake nufi, alhali Yaya ɗaya gare ta a duniya. Mai shayin bakin layinmu a Tudun Wada ya rantse ya sake rantsewa cewa ƙarya ne, don ran Litinin ya ga wucewarsa da sassarfa kamar kullum. Mai facin da ke jikin masallaci kuwa ajiye tayar hannunsa ya yi ya zauna dirshan a ƙasa. Kawu mutum ne da ya haura saba'in, amma yana takawa daga Tudun Wada zuwa Kwangila ya dawo, in ka tsayar masa da ɗan acaɓa ya ce ka bar wa masu ciwon ƙafa. Ba wanda ya taɓa ganinsa kwance da rana.

A maƙabarta na ga abin da ya ƙara kashe mini jiki. Tsofaffin yaransa na sikawut sun zo, wasu da furfura, wasu malaman jami'a ne a harabar Kongo, wasu 'yan kasuwa, har da likita. Da aka gama addu'a ana watsewa, wani ƙaton Alhaji mai babbar riga ya tsaya cik a gefen kabarin, ya haɗa ƙafafu, ya ɗaga yatsu uku zuwa goshi ya sara, irin gaisuwar da Kawu ya koya mana muna yara. Sai kuma kunya ta kama shi, ya sauke hannun ya hau gyara hularsa. A cikin gida kuma matar Kawu, wadda muke kira Inna, ba ta ɗaga murya ba. Tana riƙe da carbi, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce haƙuri sai ma'aiki, idonta na kan ƙofar ɗakinsa.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don ya tafi ya bar mini wata magana a hannu. Katin wani yaro ne, ɗan maƙwabcinmu bakanike, ɗan shekara goma sha huɗu. Uban ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa shekara uku ana ɗaure-ɗauren igiya ta isa, in yaron bai samu ƙarin mataki a wannan karon ba zai cire shi ya tafi da shi gareji a Kwangila duk Asabar. Yaron kuwa ba abin da yake so a duniya kamar ƙyallen nan na sikawut da ke wuyansa. Kawu ya rasu bai sa wa katin hannun ƙarshe ba, kuma ni ne mataimakinsa, biro ya dawo hannuna.

Ga wanda bai san harkar ba, kowane ɗan sikawut yana da kati, an jera abubuwan da zai iya: ƙulle-ƙullen igiya, hura wuta da ashana biyu, ɗaure rauni, gane gabas ba tare da tambayar kowa ba. In ya iya abu, wanda ya koya masa ya sa hannu a gefen. In kati ya cika sai ya zo gabanmu a jarraba shi, a ɗaga shi zuwa mataki na gaba. Matsalar ita ce tsakanin sa hannun farko da ranar jarrabawa watanni ne, yaro kuma yaro ne, kansa rariya. Sai ka ga wanda aka sa wa hannu tun kafin azumi ya zo yana juya igiya kamar yau ya fara ganinta.

Ni ra'ayina a fili yake: ka manta, ka faɗi, ka dawo baɗi. Malamin sakandare ne ni, kuma ban taɓa ɓoye cewa ina da zafi ba. Shi ya sa Kawu yake kira na Alƙali, in ya hango ni da jan biro ya ce wa yara su yi ta kansu, an buɗe kotu.

Shi tasa hanyar daban ce, kuma ban ga wani shugaban sikawut mai irinta ba. In yaro ya manta, Kawu ba ya ko kallonsa. Kati yake ɗauka ya matso da shi kusa da tabarau, ya ce, "Wa ya sa maka hannu?" Sai a kira wanda ya sa hannun, a miƙa masa igiyar. In ya iya, ya zauna nan take ya sake koya wa yaron, yaron ya yi a gabanmu, a wuce da shi. In shi ma ya kasa, a kira wanda ya koya masa, haka har a kai ga wanda ya iya, sannan abin ya gangaro hannu da hannu zuwa ƙasa. Kafin ya gangaro ba a sa wa kowa hannu. Duk igiyar da ta yi ta hawa kuwa a hannun Kawu take ƙarewa, don shi ne tushen kowa.

A kan wannan muka yi faɗanmu, kimanin shekara takwas da suka wuce. Na kayar da yara biyar a kan ɗaure karaya, na riga na ja musu layi. Kawu ya zo ya duba katunan, ashe duk biyar ɗin ni na sa musu hannu. Ya miƙo mini bandeji da katako a gaban yara, ya ce bismillah. Na ɗaure, don a lokacin hannuna bai mutu ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ya zubar mini da girma, kuma wannan lallaɓawar tasa ce take sa yara lalaci. Na tuɓe ƙyallena na yi tafiyata, wata biyu ban taka filin ba. Wata safiya sai ga sallamarsa a ƙofar gidana. Bai ba ni haƙuri ba, kuma bai nemi in ba shi ba. Ya zauna a kan dakali ya ba ni labarin kakana, mahaifinsu, wanda malamin zaure ne. Ya ce in ɗalibi ya yi kuskure a karatu tsohon ba ya dukansa, sai ya tambaye shi a wurin wa ya ɗauka, a aika a kira mutumin ko da yana da mata da 'ya'ya. Sannan ya miƙe yana kakkaɓe riga ya ce, "Alƙali, yaro ba ya mantuwa shi kaɗai. Asabar ƙarfe takwas." Na so in ƙi, amma Asabar tun kafin takwas ina filin.

Usur ɗinsa sau ɗaya yake busawa, in ba ka ji ba ya ce kunnenka ya tafi hutu. Ba ya cin goro, ba ya zama a kujera in akwai tabarma. Kullum da guntuwar igiya a aljihun rigarsa, yana hira da kai yatsunsa na ƙullawa suna kwancewa, ba ya ko duba su. In tsohon yaronsa ya zo gaisuwa da tumbi, sai ya shafa tumbin ya tambaya wannan lambar a wane sansani aka ba shi.

Akwai wani yaro mai in'ina da muka taɓa yi, wanda in aka tsayar da shi gabanmu ya karanto alkawarin sikawut sai harshensa ya ƙulle, hawaye ya hau zuba. Ni har na ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Kawu ya kama hannunsa ya ce ya raka shi Gyallesu sayen man shafawa. Suka tafi a ƙasa suka dawo a ƙasa, ba man ba dalilinsa. Ashe a hanya, suna tafe ba mai kallon wani, yaron ya karanto alkawarin tiryan-tiryan har sau biyu. Kawu ya zo ya sa hannu ya ce shi ne shaida. Wannan yaron shi ne likitan da na ce ya zo jana'iza.

To, mu zo ga Asabar ɗinsa ta ƙarshe. Muna ƙarƙashin dalbejiya a filin firamare, yara bakwai za a jarraba. Shida suka wuce lafiya. Na bakwai shi ne ɗan bakanike, ya yi komai, saura abu ɗaya, wanda muke kira ƙullin ceto. Ƙulli ne da mutum zai ɗaura a ƙugunsa in ya faɗa rami aka jefo masa igiya, kuma amfaninsa shi ne ko an ja da ƙarfi ba ya zargewa ya matse mutum. Kawu ba ya karɓarsa sai da hannu ɗaya, don a cewarsa wanda ya faɗa rami ɗaya hannun yana riƙe da ransa. Yaron ya zagayo da igiya, ya murɗa, ya ja, sai ta zarge masa ciki. Ya sake, ta sake zargewa. Gumi ya keto masa.

Kawu ya ɗauki kati. Shugaban rukuninsu ne ya sa hannu, wani saurayi ɗan aji shida na sakandare. Aka kira shi, ya zo da ƙafafa, ya kama igiya, ya murɗa hagu ya murɗa dama, ya ƙare da sosa ƙeya. Aka tambaye shi wa ya koya masa, ya nuna ni.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na karɓa ina murmushi, don a raina wannan abu ne da na yi sau dubu. Wallahi da na zagayo da igiyar sai na ji kaina fayau. Rabona da ɗaura shi da hannu ɗaya na ma manta, shekaru ina zaune da biro ina kallon yara suna yi. Na gwada sau uku, a na ukun igiyar ta shaƙe mini tumbi, yara suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Gwano ba ya jin warin jikinsa, ni da nake kayar da 'ya'yan mutane. Kawu ya yi dariya har da tafa cinya, ya ce yau kotu ta kama alƙali. Ya miƙe ya karɓi igiyar, muka gyara tsayuwa, don mun san ƙiftawar ido ne.

Ya zagayo da ita ƙugunsa. Ya ɗora hannun dama a kai. Sai hannun ya tsaya. Muna kallo, yatsun suka motsa kaɗan, bakin igiyar ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya sake, ta sake suɓucewa. Dariyar nan ta ɗauke ɗif. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani aka ara masa. Tunda nake ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ban san tsoron mene ne ba.

Shi ya fara magana. Ya zauna a tabarma ya ce to, yau dai ba wanda ya iya, har shi, saboda haka a ɗage zuwa Asabar mai zuwa. Yaron ya fashe da kuka. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya na tuna masa maganar uban, na ce ko a sa masa hannu kawai tunda laifin namu ne. Ka ji fa, ni Alƙali. Ya dube ni ya ce, "Kada ka sa hannu a kan abin da hannunka bai iya ba." Na ce mu je asibiti a duba hannun, ya ce sanyi ne, ya kwana a kansa. Na yarda. Ni da nake koya wa yara alamomin shanyewar ɓarin jiki a darasin taimakon gaggawa, abin ya faru a gaban idona ban gane ba, kuma wannan zai daɗe yana cina.

Ran Talata ya faɗi yana alwalar azahar. Muka kai shi asibiti, bai sake magana ba. Laraba da hantsi ya cika.

A zaman makoki bakanike ya zo ya yi gaisuwa, mutumin kirki ne ba laifi, amma da zai tafi ya ja ni gefe ya ce tunda mai abin ma ya tafi, bayan sadakar bakwai yaron zai fara bin sa gareji. Na roƙe shi ya bari sai an ga Asabar ɗin da ke bayan bakwai, ya ce ya ji, amma daga ita ba ƙari. Maganar ta bazu a rumfa. Kowa ya ce in sa hannu mana, ai sadaka ce ga mamaci, wa zai tuhume ni? Na so in yi, biron har na ciro. Amma in na tuna fuskarsa a kan tabarmar nan sai in mayar.

Ranar sadakar uku na yi abin da wasu suka ce rashin ta-ido ne. Tsofaffin yaransa sun cika rumfa, na ce a raina duk waɗannan daga hannunsa suka ɗauka, ko ɗaya ya iya ai an huta. Na ciro igiya na miƙa wa na kusa da ni. Liman ya haɗe rai, da aka yi masa bayani sai ya kawar da kai ya ci gaba da jan carbi. Igiya ta bi layi. Malamin jami'a ya yi mana bayanin yadda ake yi tsaf da baki, hannu ya ƙi. Likita ya gwada ya ce shi yanzu zaren ɗinki ya sani. Alhajin da ya sara a kabari igiyar da ƙyar ta zagaye shi. Biyu sun ɗaura da hannu biyu a jikin ƙafar kujera, amma da hannu ɗaya a ƙugu ba ko mutum guda. Da farko ana 'yar dariya, can sai aka dawo mini da igiyata. Shekara arba'in da ɗoriya na aikin mutum, ga mu nan zube, an rasa mai ƙulli ɗaya.

Samari suka ce ai yana cikin waya. Na duba, yana nan kuwa, wani yana yi fiu kamar sihiri. Kwana biyu ina tsayar da hoton ina mayarwa baya, ina murɗa hannu a ɗaki har matata ta fara yi mini kallon tausayi. In na ja sai ya zarge. Waya tana nuna maka, amma ba ta kama yatsanka ta ce nan ka kauce.

Ana gobe bakwai, da la'asar, na shiga cikin gida in kai wa Inna saƙon wasu baƙi. A gidan na tashi, ba ni da shamaki. Mata sun cika tsakar gida ana gyaran gero, sai wata akuya ta cire igiya daga wuya ta yi kan tabarmar geron. Aka hau kora. Inna ta miƙe daga inda take zaune cikin takabarta, ta cafke ƙahon akuyar da hagu, ta ja ta zuwa turke, ta ɗauki bakin igiyar da dama ta zagaya wuyan, ta murɗa wuyan hannunta sau ɗaya, ta saki. Akuya ta fizga. Ƙullin ya zauna daram bai matse ba.

Na tsuguna na duba, shi ne, ba ko tantama. Na ce Inna, a ina kika iya wannan? Ta ce Kawunka mana, tun tana amarya, da wata tunkiyarta ta shaƙe a turke ta mutu, ya koya mata, kuma tun ranar safe da yamma shi take yi. Wadda ta ɗaura yau wata baƙuwa ce, shi ya sa ta kwance. Ta faɗi haka tana goge hannu a zani, ba ta ɗauke shi bakin komai ba.

Na ce ta koya mini. Sai ta dube ni, ta ce in biyo ta rumfar ɗakinsa. A can ta gaya mini abin da ba wanda ya sani. Ranar Asabar ɗin da ya dawo daga fili bai ci abinci ba. Ya kira ta, ya miƙa mata igiyar aljihunsa ya ce ta koya masa, ya manta. Ta zaci zolaya ce irin tasa, sai ta ga idonsa ya kawo ruwa. Ta zauna ta kama hannunsa tana juyawa. Hannun dama ya ƙi, sai ya koma hagu. Lahadi suka wuni a kai, Litinin ma haka, yana yi yana faɗuwa, yana ce mata Malama.

"Ran Litinin gab da magariba ya ɗaura," in ji ta. "Sau ɗaya, da hagu. Ya yi ta murna kamar yaro. Ya ce Asabar zai je ya koya maka, kai ka koya wa na ƙasa da kai."

Nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Inna ta bari na gama, sannan ta zagaya mini igiya a ƙugu, ta kama wuyan hannuna da nata hannun mai kaushi. A karo na farko ta ce ina sauri. A na biyu ta bugi yatsana ta ce ta ƙasa ake bi. A na shida ya zauna.

Asabar ƙarfe takwas na koya wa shugaban rukuni a ƙarƙashin dalbejiya, shi kuma ya koya wa ɗan bakanike. Uban yana tsaye daga nesa da kayan aikinsa masu baƙin mai. Yaron ya ɗaura da hannu ɗaya, na sa manyan yara uku suka kama igiyar suka ja shi har ya yi taku biyu, ƙullin bai motsa ba. Uban ya juya ya hau babur ɗinsa ya tafi Kwangila shi kaɗai. Na ɗauki biro na sa hannu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya ba Inna haƙuri da mu duka. Da yamma na shiga na gaya mata yaron ya wuce. Ta ce alhamdulillahi, sannan ta ce in zo gobe in sake ɗaurawa a gabanta, don ba ta yarda da ni ba tukuna.